Ƙarya ma da dokarta: Abin da ke haɗa masu kallo da marubutan fina-finai masu dogon zango

Duk wanda ya san shagunan caji da tura fina-finai na garuruwanmu, tun daga Dogon Daji da Tambuwal har zuwa Kebbe, ya san ba cinikin caji kaɗai ake yi a wurin ba. Wata 'yar ƙaramar kotu ce da ke zama kullum bayan la'asar. Wannan ya kawo memori a zuba masa sabon kashi na fim mai dogon zango, wancan yana jiran wayarsa ta cika, kafin ka ankara an buɗe shari'a. Wanda ake tuhuma kuwa ba ya wurin, sau da yawa ma ba a san sunansa ba. Shi ne marubucin labarin.

Tuhume-tuhumen sanannu ne. An kashe mutum a zango na biyu har an yi zaman makoki, sai ga shi a zango na huɗu yana kurɓar shayi, babu wani bayani mai gamsarwa. Yarinyar da aka nuna mana ta fi dila wayo, rana ɗaya ta koma sakarya don kawai labari ya samu hanyar wucewa. Sirrin da maganar minti biyu za ta warware, an ja shi har mako goma. Talakan da ba ya da kuɗin kabu-kabu jiya, yau ya sauka Abuja a jirgi, ba a ce ga wanda ya biya masa ba.

Wannan ƙorafi bai tsaya kan fina-finan Kannywood ba. Inda ya fi zafi a duniya shi ne tsakanin masoya ƙagaggun labaran kimiyya, wato labaran da ake ginawa a kan tafiya sararin samaniya, da mutum-mutumi mai tunani, da halittun wasu duniyoyi, da na'urar da ke kai mutum zamanin da ya shuɗe. Matasanmu ba baƙin irin waɗannan labarai ba ne. Wanda bai kalli na Turawa ba ya kalli na Indiya, irin su Koi... Mil Gaya na 2003 mai 'yar halittar nan Jadoo, ko Enthiran na 2010 wanda Rajinikanth ya fito a matsayin mutum-mutumi Chitti.

A nan wani zai ce: mutumin da ya yarda cewa akwatin katako zai iya tashi zuwa wata duniya, da wane baki zai ce wani abu a cikin labarin bai yi hankali ba? Ai duka ƙarya ce. Amsata ita ce, ƙarya ma da dokarta. Mai kallo yana karɓar kowane irin abin al'ajabi muddin an gaya masa ƙa'idarsa tun farko. Abin da ba ya yafewa shi ne marubuci ya kafa ƙa'ida da hannunsa, sannan ya take ta don ya fita daga ramin da ya jefa kansa.

Tun a gaban kaka muka koya

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurin Bahaushe. Ka tuna zaman tatsuniya. Babu yaron da ya taɓa tambayar kaka yadda aka yi Gizo yake magana, ko yadda ya auri Ƙoƙi, ko yadda kura ta je zance. An karɓi wannan tun daga buɗe baki. Amma bari kaka ta yi kuskuren mayar da Gizo mai gaskiya da riƙon amana, ko ta ce kura ta ga nama ta kau da kai, nan take yara za su yi ca. Gizo yana da halinsa na kwaɗayi da dabara da tsamin baki, kura tana da zari da wauta. Duniyar tatsuniya ƙagaggiya ce, amma kowa ya san dokokinta, shi ya sa take da daɗi. Idan Gizo ya kuɓuta, da wayonsa ya kuɓuta. Idan ya sha kashi, kwaɗayinsa ne ya ja masa.

Haka abin yake a labarin kimiyya, sai dai can dokokin sun fi yawa, masu gadinsu kuma sun fi naci. Misali mafi kyau shi ne wani shiri na Birtaniya wanda, abin mamaki, yana da alaƙa da Arewacin Najeriya.

Daga Landan zuwa Jos

A ranar 23 ga Nuwamba, 1963, gidan talabijin na BBC ya fara nuna Doctor Who. Labarin wani bahagon matafiyi ne da ake kira Dakta, ɗan wata duniya, wanda ke yawo tsakanin zamunna da taurari a cikin jirgin da daga waje ka ce shuɗin akwatin kiran 'yan sanda ne, amma cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. An nuna shi har 1989 aka dakatar, sannan aka farfaɗo da shi a 2005.

A shekarun 1960 da 1970, BBC ta riƙa goge tsofaffin faya-fayanta don ta sake ɗaukar wasu shirye-shirye a kansu, kashi da yawa na Doctor Who suka salwanta a haka. Sai dai kafin nan an sayar da kwafi ga gidajen talabijin na ƙasashen waje, har da na Najeriya. A watan Oktoba na 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano kashi tara da aka fid da rai da su, a ajiye cikin gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos. Na shekarun 1967 da 1968 ne. Masoya shirin a duniya suka yi ta murna kamar an ga jinjirin watan salla.

Abin lura shi ne irin hotunan da ake wa wannan murna. Baƙi da fari ne. Dodannin cikinsu mutane ne sanye da kayan da ko yaro zai gane ɗinki ne. Ba don ƙyalƙyali aka yi shekara da shekaru ana neman su ba, don labarin ne. Wannan darasi ne ga duk mai cewa rashin manyan na'urori ne ya hana mu yin fim mai ma'ana.

Yadda ake mayar da matsala doka

A 1966 shirin ya shiga tsaka mai wuya. William Hartnell, dattijon da ke fitowa a matsayin Dakta, lafiyarsa ta yi rauni, ya zama dole ya ajiye aiki. Zaɓi biyu ne a fili: a rufe shirin, ko a kawo wani a yi kamar ba a ga canjin fuska ba. Marubutan suka ƙirƙiro na uku. Suka ce tunda Dakta ba ɗan Adam ba ne, idan jikinsa ya gaji yakan sabunta, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali, amma da tunaninsa na da. Patrick Troughton ya karɓa. Wannan dabara ɗaya ita ta riƙe shirin fiye da shekara 60, domin duk jarumin da ya tafi, labarin yana da ƙofar da wani zai shigo.

A 1976 aka ƙara wa dokar iyaka: sau 12 kawai irin su Dakta ke iya sabuntawa, rai 13 ke nan. Iyakar ta ƙara wa labarin armashi, tunda yanzu mutuwa tana da lissafi. Da adadin ya cika a 2013, marubutan ba su yi kamar sun manta ba. Sun gina kashi guda a kai, inda mutanen duniyarsa suka ba shi sabon zubi na rayuka a daidai lokacin da ya tsufa yana jiran ƙarshe.

Rigimar ta ɓarke ne a watan Maris na 2020, a zamanin da Chris Chibnall ke jagorantar rubutun, Jodie Whittaker kuma ke fitowa a matsayin Dakta, mace ta farko da ta jagoranci shirin. A kashin ƙarshe na zangon aka bayyana cewa Dakta ma ba asalin 'yar duniyar da aka sani ba ce, tsintacciya ce daga wani wuri, kuma ta yi rayuka masu yawa kafin wanda kowa ya ɗauka shi ne na farko. Masu kallo suka rabu biyu. Masu kare Chibnall suka ce shirin ya saba sauya tarihinsa, har suka kafa hujja da wani tsohon kashi na 1976 da ya taɓa nuna wasu baƙin fuskoki da ake jin na Dakta ne. Masu suka kuwa suka kawo hujja biyu. Ta farko, an mayar da matafiyin da ya zama gwarzo saboda zaɓinsa ya koma wata zaɓaɓɓiyar halitta tun daga haihuwa. Ta biyu, kusan duk wannan babban sirri an zuba shi ne ta bakin mugun labarin, jarumar tana tsare tana sauraro, ba ita ta tono shi da ƙoƙarinta ba.

A ganina hujja ta biyu ta fi nauyi. Sauya doka ba laifi ba ne, a 1966 ma sauyi aka yi. Bambancin shi ne yadda aka yi shi. Idan jarumi ya sha wahala kafin ya gano gaskiya, mai kallo yana jin da shi aka yi tafiyar. Idan kuwa aka zaunar da shi aka karanta masa kamar sanarwar rediyo, sai ya ji an raina masa hankali.

Masoya Star Wars ma sun ɗanɗana irin wannan. Mugun sarkin nan Palpatine, wanda aka ga faɗuwarsa a fim ɗin 1983, sai ga shi ya dawo a na 2019 da bayanin da bai taka kara ya karya ba. Har yau ana yi wa wannan dawowa ba'a. A ɓangaren labaran takobi da dodanni kuwa, da aka kammala Game of Thrones a 2019, mutane fiye da miliyan ɗaya ne suka sa hannu a takardar neman a sake ɗaukar zangon ƙarshe da wasu marubuta. Ba a sake ba, amma saƙon ya isa.

Mu dawo gida

Tun da tashar Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa a 2015, sannan Kwana Casa'in a 2019, fim mai dogon zango ya zama abincin yau da kullum a Arewa. Daga 2020 kuma irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka mamaye wayoyi ta hanyar YouTube. Babu jirgin sararin samaniya a cikinsu, amma jarrabawar da suke fuskanta iri ɗaya ce da ta Doctor Who.

Ɗauki Kwana Casa'in. Babu jihar Alfawa a cikin jihohi 36 na Najeriya. Ƙagaggiyar duniya ce mai gwamnanta Bawa Maikada, da abokin hamayyarsa Malam Adamu, da asibitinta da 'yan jaridarta. Mutane sun karɓe ta ne domin tana tafiya bisa dokokin da suka sani: mulki yana da farashi, gaskiya tana da abokan gaba, kuɗi yana magana. Gina irin wannan duniya shi ne ainihin aikin marubucin labarin kimiyya, shi dai yana ƙara nisan zamani ne kawai.

Matsalar tafiyar jarumi ma mun gan ta. Da Nafisat Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ce ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya, aka kuma daɗe ana muhawara a kai. Daga baya masu shirin suka buɗe sabon labari da sababbin mutane ƙarƙashin sunan, inda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara. Shi kuwa Izzar So, rashi ya yi na daraktansa Nura Mustapha Waye a 2022, aka ci gaba da aiki bayansa. Waɗannan abubuwa ne da babu marubucin da ke da iko a kansu. Mutum yakan yi ciwo, yakan yi aure, yakan samu wani aiki, yakan rasu. Inda ake gane gwanin rubutu shi ne abin da ya yi da giɓin: ya ɗinke shi ta yadda zai zama ɓangaren labari, ko ya lulluɓe shi da fatan ba wanda zai lura.

Mai kallo kuwa yana lura. A garin da ba kowa ke da kuɗin data ba, wanda ya biya aka tura masa kashi ɗaya yakan kalle shi sau biyu ko uku, ya nuna wa ƙannensa, ya tura wa abokinsa. Irin wannan ya fi marubucin ma tuna abin da aka faɗa a kashi na bakwai.

Me ke raunana rubutu?

Kafin a yanke wa marubuci hukunci, adalci ne a duba halin da yake aiki a ciki. Fim ɗin da ke fita a YouTube, kuɗin tallansa yana zuwa ne gwargwadon yawan kallo. Idan shiri ya karɓu, kowane ƙarin kashi ƙarin kuɗi ne, rufe labari kuma tamkar rufe shago ne ranar kasuwa. Shi ya sa labarin da kashi 26 zai ishe shi yakan kai ɗari. Ruwa idan ya yi wa miya yawa, ko an ƙara gishiri ba ta dawowa daidai.

Na biyu, gaggawa. Shirin da ke fita mako-mako ba ya jiran kowa. Idan ana rubutu ana ɗauka a lokaci guda, babu damar komawa a gyara abin da aka riga aka nuna wa duniya. Na uku, a fina-finanmu fuska ake saye. Yaro zai lissafa maka jarumai ashirin ba tare da ya numfasa ba, amma tambaye shi wa ya rubuta Gidan Badamasi, da wuya ya ambaci Nazir Adam Salih. Aikin da ba a san mai shi ba, da wuya a biya shi yadda ya kamata, kuma da wuya a saurari mai shi idan ya ce wannan fitowa ba ta dace ba.

Ko a Amurka haka ne. A 2023 marubutan fina-finai da talabijin sun yi yajin aiki na kwana 148, daga Mayu zuwa Satumba. Cikin abubuwan da suka koka a kai akwai rage yawan marubutan da ake ɗauka a shiri guda, da ƙarancin abin da suke samu daga nuna ayyukansu ta intanet, da fargabar a maye gurbinsu da ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta. Aiki ya tsaya cik a shirye-shirye da dama. Ranar ce aka ga cewa jarumi, duk kwarjininsa, ba ya da abin faɗa sai an rubuta masa.

Mu gwada da namu

Don a ga yadda dokar labari ke aiki, bari mu ƙaga ɗaya tare. A ce shekara ta 2085 ce a Dogon Daji. Zafi ya kai inda ba a fita da rana, kasuwa da makaranta duk sun koma dare. Rijiyoyi sun ƙafe, ruwa ya koma hannun wata na'ura a tsakiyar gari, wadda ke ba kowa jarka ɗaya a kwana idan ya ɗora babban yatsansa. Dokoki uku ne: ba ta ba mutum sau biyu, ba ta karɓar yatsan wanda ba ya da rai, kuma duk wanda ta kasa ganewa har kwana 30, sai ta goge shi daga rajista. Jarumarmu 'yar sakandare ce da ke zaune da kakarta, wadda daka da aikin gona suka cinye zanen yatsunta. Duk wanda ya taɓa raka tsoho wurin rajistar katin ɗan ƙasa ko tantance masu zaɓe ya san wannan ba tatsuniya ba ce zalla.

Marubuci mai rauni zai ja wahalar yarinyar kashi takwas, a na tara wani attajiri da ba mu taɓa ji ba ya sauko daga mota ya ba su tankar ruwa. Ko yarinyar da ba a taɓa nuna ta da kwamfuta ba ta kutsa cikin na'urar a dare ɗaya. Ko kuma mafi muni, ta farka a ce ashe mafarki take.

Marubucin kirki zai shuka irinsa tun a kashi na ɗaya. Yarinyar za ta wuce ta gefen wata katanga, a hango ganyen mangwaro kore shar a garin da ko ciyawa babu, ba wanda zai ce uffan. Tana raba jarkarta da kaka, ƙishirwa tana hana ta karatu, ta faɗi jarrabawa, wato taimakon yana da farashi. Ta fara ƙirga tsofaffin unguwa da na'urar ta goge, ta lura cewa yawan ruwan da ake turowa garin bai ragu ba. To ina kason waɗanda aka goge yake zuwa? Sai mai kallo ya tuna da mangwaron nan, ya dafe kai. Ba a karya doka ko ɗaya ba, da dokokin aka warware ƙullin. Kayan aikin da ake buƙata kuwa jarkoki ne da famfo da fitila da dare, duk muna da su.

Suka daban, cin mutunci daban

Akwai inda masu kallo kan wuce gona da iri. A 2018 Kelly Marie Tran, wadda ta fito a Star Wars, ta goge duk abin da ta wallafa a Instagram saboda zagin da ta sha kan asalinta da surarta. John Boyega, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ma ya sha kalaman wariyar launin fata tun daga tallan farko na fim ɗin da ya fito a ciki. Wasu kuma sun fara zagin Jodie Whittaker tun a 2017 da aka sanar da ita, kafin su ga ko fitowa ɗaya. Wannan ba sukar rubutu ba ce, ƙiyayya ce ta ari rigar suka.

Mu ma muna da namu. Jaruma takan fito a matsayin muguwar kishiya, a bi ta da zagin iyaye kamar ita ta rubuta wa kanta maganar. Marubuci ya yi tuntuɓe a kashi ɗaya, a ce bai taɓa iya komai ba. Illar wannan ita ce yana toshe kunnen masu shirya fim, har idan mai gyara na gaskiya ya zo a haɗa shi da 'yan zagi. Sukar da ke amfani tana nuna wuri: a kashi kaza kun ce kaza, a kashi kaza kun saɓa, ga kuma yadda da an bi ta wata hanya zai fi. Mai irin wannan magana masoyi ne, domin wanda bai damu da shiri ba ba ya haddace shi.

Muna da tushe

Kada wani ya ce labarin kimiyya ba namu ba ne. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da ya yi balaguro sararin samaniya tare da wani baƙo mai suna Kolin Koliyo. Da Hausa aka rubuta shi, fiye da shekara hamsin da suka wuce. Kafin shi, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara sun riga sun kai mai karatu ƙasashen al'ajabi tun shekarun 1930. Manomanmu kuma sun daɗe suna kallon sama, sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara, sun san Gamzaki.

A watan Mayu na 2025, Doctor Who ya nuna wani kashi da aka gina a shagon aski a Legas, lokacin da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, ke fitowa a matsayin Dakta. A cikinsa an tsare wasu maza a shagon, dole su riƙa ba da labari, domin labaransu ne makamashin wani ƙaton gizo-gizo na ƙarfe da ke ɗauke da su. Wanda ya rubuta shi, Inua Ellams, a Jos aka haife shi a 1984, garin da tsofaffin gwangwanayen nan suka kwana shekara da shekaru. Bai aro duniyar wasu ba. Hirar shagon aski ya ɗauka, da tatsuniyar gizo ta Afirka ta Yamma, ya kai su gaban duniya.

Don haka, ɗan uwa ɗalibi, idan idonka yana kama kuskuren da marubuci ya yi, to ka riga ka mallaki rabin sana'ar. Sauran rabin a takarda yake. Ka sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, kafin ka rubuta fitowa ta farko ka jera dokokin duniyarka: me zai yiwu, me ba zai yiwu ba, wa ya san me, kuma nawa ne farashin kowace nasara. Ka san ƙarshen labarinka kafin ka fara. Duk abin da zai ceci jaruminka a kashi na goma, ka tabbata mun gan shi a kashi na biyu. Idan ka gama, ka ba abokin nan naka da ya fi kowa iya ƙorafi ya karanta, kada ka yi fushi da abin da zai faɗa.

Ƙofofi kuma a buɗe suke. 'Yan uwa mata suna da gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara tun 2016. Masu sha'awar zurfafa nazari akwai Sashen Nazarin Harsunan Najeriya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. 'Yan sakandare kuma suna da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantunsu, inda ake iya gwada labari da benci biyu da allo. Masu fim a Kano suna da kyamara da jarumai da masu kallo miliyoyi. Abin da suke nema kullum shi ne labarin da zai tsaya da ƙafarsa daga kashin farko zuwa na ƙarshe, kuma babu dokar da ta ce mai rubuta shi ba zai fito daga Dogon Daji ba.